Tanderun da Auta Ta Kunna

Ana gab da kiran magariba abin ya fara. Matar Farfesa tana tsakar gida tana kwashe shanya, rana ta riga ta faɗa bayan dogon ginin sashen injiniya da ake hangowa daga gidajen ma'aikatan jami'ar, gari ya yi jajajir, ko ganye ba ya motsi. Tana ninke zanin gado sai ta ji ƙwas a saman kwano. Abin ya gangaro a hankali, ya tsaya a baki kamar mai shawara, sannan ya faɗo gabanta.

Ba dutse ba ne. Noti ne, sabo fil, har da maiƙonsa. Ta sunkuya ta ɗauka, ta yi maza ta yar, don zafinsa kamar yanzu aka tsamo shi daga garwashi.

Ita ba mace ce mai saurin firgita ba. Ta daɗe tana aikin ungozoma kafin ta yi ritaya, ta ga jini, ta ga rai yana shigowa, ta ga yana fita. Sai ta naɗe notin a gefen zani ta shiga falo.

Farfesa yana kan kujerarsa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana duba sabuwar mujallar jami'a mai sheƙi, wadda aka buga hotonsa a ciki sanye da farar rigar gwaji. Shi ne shugaban ɗakin gwajin ƙarafa, ɗakin da jami'ar ke alfahari da shi a duk tallar da take yi wa masu neman gurbin karatu. An cika shi da injuna shekaru da dama da suka wuce, kuma tun ranar da aka yanke kirtanin buɗe shi aka mayar da ƙofa aka rufe. Makullin yana aljihun Farfesa, ko masallaci da shi yake zuwa. Ɗalibai sukan shigo aji ɗaya su gama aji biyar, iyakarsu da injunan su leƙa ta taga su gan su lulluɓe da leda. In wani ya yi ƙarfin halin roƙo, sai Farfesa ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce, "Ku da ko cokali ba ku iya riƙewa ba?"

Ta ajiye masa notin a kan tebur ta faɗa masa inda ya fito.

"'Yan iskan yaran da na kayar ne," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba. "Su yi ta jifa. Jifa ba ta ƙara maki."

Ta san ransa a ɓace yake tun rana. A ranar ne masu tantance kwasa-kwasai suka zo, dole ta sa aka buɗe ɗakin. An share, an yaye ledoji, an zaɓo ɗalibai masu tsabta an sa musu fararen riguna, an ce kowa ya tsaya kusa da inji ya yi fuskar mai nazari, amma kada wanda ya taɓa komai. Auta, 'yarsu ta ƙarshe, wadda ke ajin ƙarshe a wannan sashen, ita aka tsayar gaban babban tanderun narka ƙarfe. Auta kuwa ta shekara tana karanta yadda ake sarrafa irinsa a littafi, tana zana shi a takarda. Da ta gan shi a gabanta, hannunta ya ƙi zama. Ta murɗa wannan, ta danna wancan, tanderu ya yi gurnani ya kama. Baƙi suka yi tafi. Farfesa ya yi dariyar yaƙe har suka fita, sannan ya zare wayar wuta da kansa, ya zage ta tas a gaban abokanta.

Matar Farfesa ta leƙa ɗakin Auta don ta tashe ta salla. Ta same ta zaune a ƙasa, ta fuskanci bango, ta ɗora tafukan hannunta a kan gwiwa. Ta kira ta, ba ta waiwayo ba. Ta taɓa goshinta, sanyi ƙalau. Ta kama tafin hannunta, sai ta ji zafin nan na notin.

Daga ranar gidan ya daina zama nasu da zarar rana ta faɗi. Da safe komai lafiya, sai dai Auta ta tashi a gajiye, ba ta tuna komai. Amma da an idar da magariba sai ruwan ƙarafa ya sauka a kan kwano, notuna da ƙusoshi da ƙananan zobban ƙarfe, masu zafi duka. Bayan jifan sai shiru mai nauyi, irin wanda mutum ke jin bugun zuciyarsa. A cikin shirun ne ake jin motsi a saman silin, kamar mutane masu yawa suna jan kaya, suna gyara wurin kwana a inda bai ishe su ba. Wani lokaci yaro ya yi kuka siriri, a rarrashe shi. Abin da ya fi tayar wa matar Farfesa tsigar jiki shi ne tsaki. Tsakin tsohuwa ne, dogo, ana jansa daga wannan kusurwa har waccan, kuma ba a yinsa sai Farfesa ya buɗe baki zai yi magana.

An kai Auta asibitin jami'a, an auna jini, an ɗauki hoton kai, ba a ga komai ba. Tana ta ramewa, idanunta suka faɗa, littattafanta suka yi ƙura. Uwar ta ce a nemo malami. Farfesa ya ce shi mutumin kimiyya ne, ba za a shigo masa da masu tofe-tofe gida abokan aikinsa su mayar da shi abin hira ba.

Wata yamma suka dawo daga asibiti suka tarar da kujerarsa an lulluɓe ta da leda, irin mai kaurin nan ta injuna, an ɗaure ta tam da igiya, har ƙurar shekaru tana kwance a kanta. Takardun shaidarsa da ke jere a bango duk an juya fuskarsu ga bango. Ya tsaya yana kallo. Auta, da ke jingine da kafaɗar uwarta, ta miƙe tsaye cak, ta karkace kai kamar mai ciwon wuya, ta yi masa kallon hadarin kaji.

"Kai ne mai makullin?" Muryar ba tata ba ce, busasshiya ce, ta wadda haƙora suka zube. "A kusa ma ka fi ƙanƙanta."

A daren Farfesa ya yarda a kira malami, da sharaɗin ya zo a ƙafa, kuma ya shigo ta ƙofar baya.

Malamin dattijo ne mai karantarwa a cikin gari, wanda matar Farfesa ta sani tun tana aiki, don ita ta karɓi haihuwar 'ya'yansa. Ba mai yawan magana ba ne. Washegari ya zo bayan la'asar da ƙaramin Alƙur'aninsa da gorar ruwa. Farfesa ya tare shi a tsaye, ya miƙa masa yatsu uku a madadin hannu, ya shiga yi masa bayanin cewa abin nan a ilimance gajiyar ƙwaƙwalwa ce, shi dai don hankalin iyali ya kwanta ya yarda. Malam ya saurare shi har ya gama, ya ce, "To, madalla," ya nemi a shimfiɗa tabarma.

Suka yi magariba. Aka zaunar da Auta a tsakiyar falo, uwar ta zauna bayanta ta riƙe kafaɗunta, aka rufa mata mayafi. Farfesa ya koma can kusa da ƙofa. Hasken waje ya dushe, ba wanda ya tashi ya kunna fitila sai ƙaramar da ke kan tebur. Malam ya fara karatu, a hankali, ba ihu, ba gaggawa. Ƙarafa suka zubo a kan kwano kamar ƙanƙara, sannan suka tsaya. Jikin Auta ya ɗauki rawa, ya yi zafi har uwar tana jin tururinsa a fuska. Yatsunta suka ƙandare. Karatu ya yi nisa, sai aka ja tsakin nan, wannan karon daga ƙarƙashin mayafi.

"Malam, sassauta. Ba kurma ba ce ni."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciyar wancan ce. Ya fi kowa sanin gidana, shi ke gadinsa."

"Me ya kawo ki jikin yarinyar mutane?"

"Kora." Kan Auta ya juya sannu a hankali ya fuskanci ƙofa. "Mu ba masu shiga gidan mutane ba ne, Malam. Kango muke nema, da inda aka yasar. Muna wucewa muka ga ɗaki, faɗi ga shi, sanyi ga shi, ba sawun kowa. Mijina ya ce kada mu saki jiki, kayan nan masu tsada ne, masu shi za su zo. Muka zauna a bakin ƙofa da kayanmu a ɗaure. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Muka kwance kaya. A ɗakin nan na aurar da 'ya'yana, a nan na ga jikoki. Ko a maƙabarta ban taɓa samun kwanciyar hankali irin ta wurin nan ba, don can aƙalla ana zuwa ziyara."

Matar Farfesa ta ji kunya ta rufe ta kamar ita aka zaga.

"A cikin tanderun nake kwantar da ƙaramin jikana," in ji muryar. "Wannan ta zo ta kunna. Ƙafarsa har yau ba ta taka ƙasa."

"Ba da sani ta yi ba," Malam ya ce. "Ba ta ganinku. Wuri kuma na mutane ne, don su aka gina shi. Abin da kike yi zalunci ne, kin kuwa san makomar azzalumi."

"Na san ba ta sani ba. Ba ita na biyo ba. Ubanta na biyo. Na leƙa cikinsa don in zauna, na tarar ba ko inda zan jingina, ba komai a ciki sai iska da hoton kansa. Ita kuwa kanta a cike yake, da ɗumi. Sai na zauna."

Farfesa ya yi gyaran murya. "Malam, kada ka biye wa sambatun mara lafiya."

Dariyar da ta fito daga bakin Auta ta sa fitilar kan tebur ta yi lumshi.

"In faɗa musu, mai makulli? Sau ɗaya ka taɓa shigowa kai kaɗai, ka mayar da ƙofa ka rufe, da littafin injin a hammata. Wai kai ne aka tura ƙasar waje ka koyo. Ka danna nan, ka danna can, ka juya littafin sama, ka juya shi ƙasa. Ko tari injin bai yi ba. Ka zauna a ƙasa daɓas kana sharce gumi, sannan ka tashi ka mayar da leda ka gyara ta tsaf. Har gobe jikokina in suna son ba ni dariya kai suke kwaikwaya. Shi kuma saurayin malamin nan da ya dawo ya iya, ya yi ta binka yana roƙon makulli, ka yi ta masa bi-ta-da-ƙulli har ya tattara ya bar muku jami'ar. Ranar mun yi maka addu'a."

"Ƙarya take!" in ji Farfesa. "Shaiɗanu maƙaryata ne, kai ma ka sani."

"Sukan yi ƙarya," in ji Malam, bai dube shi ba. "Ni ba shari'a na zo yi ba."

Matar Farfesa dai ta dubi mijinta. Ta tuna tafiyar nan ta koyon aiki, yadda ya dawo da akwatuna cike da takalma da turaruka da labarin otal, kuma ko sau ɗaya bai taɓa ambatar inji ba. Ta ga gumi yana gangarowa ta bayan kunnensa. Ta daɗe tana karantar fuskokin maza a ƙofar ɗakin haihuwa, ta san wanda ke tsoro don matarsa da wanda ke tsoro don kansa.

Malam ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Auta ta sandare, bayanta ya lanƙwashe, ta shiga wani gurnani da ya sa uwar ta ƙanƙame ta tana kiran sunan Allah. Malam ya yayyafa mata ruwan gorar. Aka yi ƙara mai kama da ta ƙarfe mai zafi in ya shiga ruwa.

"Ya isa. Ya isa, Malam, zan fita. Amma ina zan kai iyalina? Silin ɗin nan ya yi mana kaɗan."

"Ƙasar Allah da faɗi."

"To ji. Mu ba ma zama inda ake aiki. Ƙarar inji tana sa mana ciwon kai, ga wuta, ga yara suna shiga suna fita, wannan ya yi bismilla, wancan ya yi addu'ar cin jarrabawa. In zai buɗe ɗakin ya bar ɗalibai su yi abin da ya kawo su, gobe warhaka mun yi nisa, mun tsallake gari mun shiga daji, ba mai sake jin ɗuriyarmu. In kuwa zai rufe, ya yi alkawarin ba mai sake kunna komai muddin makulli na hannunsa, sai mu koma wurinmu mu bar masa 'yarsa. Ko wanne ya zaɓa, yarinya ta tsira. Ni dai ina da wanda na fi so."

Malam ya juya ga Farfesa karo na farko tun da aka fara. "Abin ya zo da sauƙi. Na farkon shi ne mafita, su tafi gaba ɗaya, ɗalibanka su sami haƙƙinsu, ita ma wannan yarinyar ta—"

"A rufe," in ji Farfesa.



"Baban Auta," matarsa ta ce, a hankali.

Bai kalle ta ba. Ya gyara wuyan rigarsa, muryarsa ta dawo irin ta zaman majalisar jami'a. "Saboda lafiyar ɗalibai. Wurin da irin waɗannan abubuwa suka zauna, ba zan jefa 'ya'yan mutane ciki ba. A rufe. Na yi alkawari."

"Na faɗa wa mijina haka za ka ce," in ji tsohuwar, muryarta cike da gamsuwa. "Ya ce a'a, ko kare yana jin kunyar 'ya'yansa. Bai san ka ba." Kan ya juyo baya, ga uwar. "Ke kuma, baiwar Allah, sannu. Ni ko ba komai nakan rabu da shi da daddare, ke kuwa da shi kike kwana."

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, jikinta ya saki ta zube a cinyar uwarta. A saman silin aka ji jan kaya da ƙananan sawu suna nufar yamma, wajen sashen injiniya, har suka ɓace. Uwar ta kama tafin hannun 'yarta, ta ji ya huce.

Malam ya rufe Alƙur'aninsa ya miƙe. Ya faɗa wa uwar abin da za a riƙa karantawa safe da yamma. Farfesa, wanda fara'arsa ta dawo, ya ce a kawo wa Malam shayi.

"Na gode, a bar shi," in ji Malam. "Ni yarinya na zo cirewa, an kuma cire ta da ikon Allah. Abin da kuka ƙulla kai da maƙwabciyarka, ban sa hannu ba."

Washegari Farfesa ya sa aka ƙara wa ƙofar ɗakin gwaji kwaɗo na biyu, aka liƙa sanarwa cewa ana gyara. Rahoton masu tantancewa ya fito, sun yaba da yadda aka adana kayan aiki kamar sababbi. Gida ya koma shiru. Auta ta soma cin abinci, kumatunta suka ciko, ta koma aji. Sai dai aikinta na kammala karatu a kan narka ƙarfe yake, malamin da ke duba ta kuma ya ce tunda ɗakin gwaji na rufe, ta nemi sakamakon da wasu suka samu a wasu jami'o'i ta kwafa, ta canza lambobi kaɗan, haka kowa ke yi.

Wata la'asar tana zaune a kicin tana taya uwarta yankan albasa, ta ajiye wuƙa.

"Mama, me aka ce a bakina ranar nan? Baba ya ce sambatu ne kawai."

Matar Farfesa ta yi niyyar ta ce haka ne. Ta saba rufa masa asiri, tun yaran suna ƙanana. Ta dubi hannun 'yarta, yatsun nan da suka tayar da injin da ya gagari ubanta, yanzu za su zauna suna kwafar lambobin wasu. Sai ta goge hannunta, ta zauna, ta faɗa mata komai daga farko har ƙarshe, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba.

Auta ta ɗago kai ta dubi uwarta.

"Ke nan ko ya buɗe, da na warke."

"Da kin warke."

"Ya daɗe yana tunani?"

"Bai bari Malam ya kai ƙarshen magana ba."

Auta ta gyaɗa kai, ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da yanka. A waje suka ji tsayuwar mota, suka ji an buɗe ƙofar falo, kujera ta yi ƙara da nauyinsa.

"Ina mutanen gidan nan?" Farfesa ya ɗaga murya. "A kawo mini ruwa."

Ya sake kira, ya kuma sakewa. Uwa da 'ya suna jinsa, ba wadda ta ɗago kai daga albasarta.